Layin da Na Bari Aka Yanke

Ku matso cikin inuwa, lemar nan ta ishe mu duka. Nafisa ɗiyar ƙanena ta ce mini ku uku ne kuke son shiga aikin sayar da layin waya, kuma wai ɗaya daga cikinku ya ce ai ba wani aiki ba ne: a ɗauki hoton katin mutum, a danna nan a danna can, a miƙa mishi sim ɗinshi ya kama gabanshi. Ba sai kun nuna mini mai maganar ba, na gan shi, ga shi can ya duƙufa yana kallon takalminshi. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauki abin da farko, kuma a lokacin na fi shi baki. Sai da na raba wata tsohuwa da ɗanta da hannuna, ina ganin aiki mai kyau nake yi, sannan na rage surutu. Zan ba ku labarin, amma sai kun fara sanin yadda aikin yake, in ba haka ba za ku ce tsohuwar ce ta ja wa kanta.

Ni ba da salula na fara ba. Wayar igiya ce guda ɗaya, a wani ɗan shago kusa da tashar Agiye, na Malam Haruna yayan mijina. Telesantar ake ce wa irin shagon. Na yi lakol, wato makarantar boko, har aji shida, ina iya karanta lamba, shi ya sa ya zaunar da ni. Mutum zai zo da lamba rubuce a jikin takardar siminti ko bayan kwalin shayi, in buga mishi, in kalli agogo. In kuma daga waje aka bugo, sai a ce a je a kira wane, za a sake bugowa bayan La'asar, mutum ya zo ya zauna kan benci yana jira kamar a asibiti. Da aka kafa dogon ƙarfen rezo, wato sabis ɗin salula, a bayan gari, shagon bai ƙara damina biyu ba ya mutu. Malam Haruna ba mai zaman makoki ba ne. Ya hau mota ya tafi Maradi, ya dawo da kwali cike da sim da wata lema mai launi, ya ce, "Ke Hadiza, tashi, kasuwa ta koma waje." A ƙarƙashin lemar nan ya koya mini sauran, rabi da baki rabi da tsawa.

Ga kayan aikina, ku duba, ko jaka ba su cika ba. Allurar nan ta buɗe ramin sim ce. Gom ɗin nan na ƴan lakol, abin goge rubutu, da shi nake goge zinariyar sim in zufa da ƙura sun rufe ta, kuma rabin wayoyin da ake kawo mini wai sun mutu, gom ke tashinsu. Ga reza, ga almakashi. Littafin nan kuwa shi ne babba. Kowane sim yana zuwa manne a jikin wani kati, a jikin katin akwai lambar sirri da ake buɗe shi da ita in ya kulle. Mutane jefar da katin suke yi, mata kuma su mai da shi abin kankare tukunya. Ranar da jika ya yi wasa da waya ya kulle ta, ni ake nema. Don haka duk layin da na sayar sai na rubuta lambarshi, da lambar sirrin, da sunan mai shi, da ƙauyensu.

Almakashin nan ya taɓa kunyata ni a kasuwar Gazawa. Wani mai sayar da awaki ya sayi sabuwar waya, sim ɗinshi babba, ramin wayar ƙarami. A lokacin ba a fara kawo masu ɓallewa gida uku ba, da hannu muke rage su. Na ɗora ƙaramin sim kan babban, na zana, na yanka. Hannuna ya zarce kaɗan, bai kai faɗin ƙwayar gero ba, na taɓa zinariyar. Aka sa a waya, waya ta ce babu kowa. Lambobin dillalanshi duka a ciki suke, tun daga nan har Katsina. Mutumin bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Tsayawa ya yi yana juya abin a tafin hannu yana tambayata, wai to mutanen da ke ciki ina suka tafi. Malam Haruna ya tara mini matattun sim cike da gwangwanin madara, na yi wata guda ina yanka su kafin ya sake barina in taɓa na mutum.

Tambayar mai awakin nan ba ta bar ni ba, don har yau akwai abubuwan aikin nan da hannuna ya iya, kaina bai gane ba. Ku ɗauki rezo. Akwai ƙauyen da nake zuwa kudu da Gazawa, duk garin babu rezo sai a gindin wani gawo. Ka matsa taku uku ya ɓace, ka dawo ya dawo. Da rani yana cika sanda huɗu a fuskar waya, da damina in gero ya yi tsawo sai ya koma ɗaya. Na taɓa tare wani ma'aikaci da ya sauko daga kan ƙarfen, igiya ɗaure a ƙugunshi, na ce don Allah gero cin rezo yake yi? Ya yi dariya ya ce kusan haka ne, ɗanyen ganye da ruwa suna tare shi. Ban ƙi maganarshi ba, amma har yau ban ga abin da ya sa geron bai tare muryar rediyo ba. Ga kuma rezon Najeriya da ke tsallako iyaka ba kati ba duwan, wato kwastan, wayar mutum ta kama shi yana zaune cikin gonarshi, kiredinshi ya ƙare bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai ya zo ya ce na sayar mishi da layi mai yoyo. Dole ka iya shiga cikin waya ka ɗaure ta a kan rezon gida, kuma ka yi haka a waya iri ashirin, wata da Faransanci, wata da Larabci, wata da rubutun da ban san na wace ƙasa ba ne.

Abin da ya sa na fi mazan da muka fara tare kasuwa shi ne ina shiga gida. Maza su tafi cirani su bar wa mata waya, matan kuma ba su zuwa ƙarƙashin lema. Sai in hau kabu-kabu in bi ƙauyukan da ke tsakanin Agiye da Gazawa, in yi sallama, a shimfiɗa mini tabarma. A nan na gane tambayar suna ma aiki ce. Ka tambayi mace sunanta ta ce Ladi, a gidan ubanta Hawa'u ce, a takarda kuma in akwai ta, wani ma'aikaci ya rubuta Awa. Ka tambaye ta sunan maigida, ta rufe baki da gefen zane tana dariya, sai an kira maƙwabciya ta faɗa.

Da hukuma ta ce kowane layi sai an rubuta shi da sunan mai shi da lambar katin ɗan ƙasa, ban ga laifinta ba, don masu yaudarar mutane ta waya sun yi yawa. Amma matana mafi yawa ba su da kati, ko takardar haihuwa ba su da ita. Kafin mace ta samu sai ta nemo shaidu, ta je buro, wato ofishin hukuma, a ce ta dawo gobe, ta je a ɗauke ta hoto, wa zai riƙe mata yara da daka? Sai na yi abin da na ga ya fi sauƙi, na dinga sa katina. Shekara kan shekara, har layin da ke da sunana ya haura arba'in. A takarda babu macen da ta kai ni surutu a duk ƙasar Agiye. Malam Haruna ya ce mini, "Hadiza, ranar da za a ƙirga tana zuwa." Na ce mishi wa ke da lokacin ƙirga matan ƙauye.

Aka kuwa ƙirga. Shekarar da aka ƙara matse dokar ita ce mugunyar shekarata. Saƙo ya shigo cewa mutum guda ba zai riƙe layi ba sai ƴan kaɗan, duk abin da ya haura za a yanke, aka kuma sa rana. Farkon damina ne, kowa yana gona. Na ɗauki littafina na bi gida gida, ina neman wanda ke da kati a kowane gida in mai da layin kanshi, ko miji, ko wa, ko ɗa. An sha rigima. Akwai wadda ta ce gara a yanke da a sa sunan ƙanen mijinta, don gobe zai ce wayar ma tashi ce, kuma da na ga ƙanen mijin na ba ta gaskiya. A ƙarshe mata bakwai suka rage waɗanda ba su da kowa. Ni kuma bayan na cire layukana biyu na aiki, gurbi uku ya rage mini. Sai na ce zan yi adalci, in yi wa kowace tambaya guda: wa ke kiranki a layin nan? Wata ta ce mijinta daga Legas, duk Juma'a. Wata ungozoma ce, ƙauye uku ke kiranta. Wata ɗiyarta na kwance asibitin Maradi. Gurbi uku sun cika tun ban kai gidan Goggo Dije ba, amma da ta ba ni dalili, da na sake lissafi.

Goggo Dije tsohuwa ce a wani ɗan ƙauye kudu da hanyar Gazawa. Kakanninta makiyaya ne da suka gangaro daga arewa suka zauna suka kama noma, yanzu saniya biyu kawai ta rage a gidan, amma kunyarsu tana nan ba ta ragu ba. Mijinta ya rasu, ɗiyarta tana aure nesa. Ni na sayar mata da layin shekaru da dama kafin nan. Na same ta da hantsi a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗar iri. Muka gaisa, na ce ta kawo wayar, ta ciro ta daga wata ƴar jakar tsumma da ke rataye a wuyanta.

Na ce, "Goggo, layin nan naki, wa ke kiranki?"

Ta ce, "Wa zai kira ni, ɗiyata? Tsohuwa."

"Ba kowa?"

"Sai dai wani, lokaci-lokaci."

"Wane ne wanin?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta ce, "Wani ne dai can. Kar ki wahal da kanki."

Na duba cikin wayar. Ba ta taɓa kiran kowa ba, kuma an yi watanni ba a kira ta ba. Batir kuwa cike taf, a ƙauyen da ko fitilar lantarki babu. Na gani da idona, ban tsaya na tambayi kaina dalili ba, don rana tana yi, mai kabu-kabu yana jirana a waje. Na yi mata bayani cewa za a yanke layin, in ta yi kati sai in kawo mata wani.

Ta ce, "To, in haka hukuma ta ce." Sannan ta ce, "In an kawo wani, lambar ita ce za ta dawo?"

Na ce, "Lamba ai lamba ce, Goggo." Na tashi na karkaɗe zanena na tafi.

Sai bayan kaka na sake komawa ƙauyen. Akwai wani Isufu da ke cajin waya a bakin masallaci, yana da farantin hasken rana a kan rumfa da wani allo mai ramuka, wayoyin gari duka jere a kai. Ina zaune muna hira ya nuna mini wata ƴar waya a ƙarshen allon, ya ce, "Hadiza, duba mini wayar Goggo Dije. Kwana bibbiyu take kawo ta caji, amma ni ban ga rezo a jikinta ba." Na ce ai an yanke layin tun farkon damina, na kuwa faɗa mata. Isufu ya ajiye abin da ke hannunshi ya kalle ni. Ya ce ashe ban san Babangida ba. Ɗanta ne na fari, shekara bakwai ke nan yana Libiya yana aikin gini. Ba shi da tsayayyar lamba, wayar mutane yake ara, sau biyu ko uku a shekara yake kira, kuma duk duniya lambar nan kaɗai ya haddace. In ya kira ma ba ita ke magana ba. Matar Isufu ake kira ta riƙe wayar ta buɗe murya, Goggo ta juya baya tana wani aiki tana saurare. Ɗan fari ne, ba ta kama sunanshi, ba ta nuna ta damu da shi, ko a gaban wa.

Ku ji fa, ni Bahaushiya ce, a nan aka haife ni. Uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba, wancan take cewa. Na san wannan tun ban san karatu ba. Amma na je na tsaya a kan tsohuwa ina tambayarta wa ke kiranki, kamar jandarma, ta ce mini wani ne can, na rubuta ba kowa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a aikin nan, har da ta mai awaki.

Yanzu ga abin da ku ma ya kamata ku sani: lamba ba ta mutuwa. In an yanke ta sai kamfani ya ajiye ta ƴan watanni ta huce, sannan ya sake buga ta a sabon sim ya sayar wa wani. Na buɗe littafina a rumfar Isufu na buga lambar Goggo, ina fatan in ji muryar matar nan ta na'ura tana cewa ba a samu ba. Sai ta yi ƙara. Namiji ya ɗauka. Na tambaye shi ina ne, ya ce Sae Sabuwa, shagon maganin dabbobi na Lawali. Na ce ko an taɓa kiranshi daga ƙasar waje a layin nan. Ya ce, "Ke wace ce?" ya kashe. Na sake bugawa bai ɗauka ba. Ban ga laifinshi ba, da haka masu yaudara ke fara magana.

Washegari na shiga motar Maradi, daga can na hau kabu-kabu zuwa Sae Sabuwa. Ban sha wahalar neman shagon ba. Ga lambar Goggo Dije nan an rubuta ta da shuɗin fenti a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu, a ƙarƙashin zanen bijimi da tunkiya. Lawali magidanci ne, yana cikin auna wa wani makiyayi maganin tsutsa. Na jira ya gama, na buɗe mishi littafina ya ga lambar da sunan tsohuwar, na ba shi labari tun daga tushe, na roƙe shi ya sakar mata.

Ya ce, "Malama, da katina na saye ta. Makiyaya tun daga nan har Tibiri ita suka sani, ga fenti ko bushewa bai gama ba. In na sake ta, su kuma su kira wa?"

Na so in yi mishi masifa, kun san ni. Amma doka tana bayanshi, gaskiya tana bayanshi, ni ce na yi ɓarnar. Na haɗiye. Na ce to ko an taɓa kiranshi daga waje. Ya sosa gemu, sannan ya ce kwana ashirin da suka wuce wata doguwar lamba ta shigo, namiji, ya ce a ba shi Goggo. Shi kuma ya ce ba nan ba ne, wannan layinshi ne, saye ya yi.

Na ce, "Sai ya ce me?"

"Can ya ce, tun yaushe? Na ce wata biyu. Sai ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, ya kashe."

Mutumin da ke nesa, ya buga lambar tsohuwarshi ya ji baƙo ya saye ta, abu ɗaya zai kawo a ranshi, kuma ba zai sake bugowa ba. Lawali ma sai a lokacin ya gane abin da ya ji. Ya ciro wayarshi ya yi ta ja da yatsa, ya wuce makiyaya, ya wuce dillalai, har ya kai kan doguwar lambar. Allah ya sa babbar waya ce mai dogon tuni, da ƙarama ce da tuni ta goge. Na kwafe. Shi kuma ya ɗauki gawayi ya rubuta lambata a bango daga ciki, ya ce in an sake kira zai bayar.

Na koma ƙauyen Goggo kwana biyu bayan nan. Na cire sim ɗina na biyu, wanda masu sayayya suka san ni da shi shekara goma, na sa a wayarta. Na faɗa mata abin da ya faru ban rage komai ba, na ce laifina ne. Ta ce, "Ba komai, ɗiyata." Na ce mu je inda rezo ke da ƙarfi. Muka fita bayan rumbuna mu biyu, kan wani ɗan tudu, na buga doguwar lambar na buɗe murya. Sau uku tana yankewa, a na huɗu aka ɗauka. Bahaushe ne, daga harshenshi mutumin wajen Tawa, yana da shagon kayan abinci a can, ma'aikata suna aron wayarshi su kira gida. Na ce muna neman wani mutumin Gazawa, Babangida, mai aikin gini.

Ya ce, "Hajiya, mutanen wajenku sun fi a ƙirga a nan, kuma ban san wani Babangida ba. Nan ba a kiran mutum da sunan gida. Mene ne sunanshi na yanka? Ki yi sauri, mutane na jirana."

Ban sani ba. Babangida sunan da ƙauye ke kiranshi ne, don ya ci sunan kakanshi. Na toshe wayar da hannu na ce, "Goggo, tsaya nan, bari in ruga in tambayo Isufu." Na juya zan tafi ke nan, sai ta miƙo hannu. Na ɗauka zanena za ta riƙe, ashe wayar take so. Ta karɓe ta da hannu biyu, ta kai ta kusa da baki, idonta a ƙasa.

Ta ce, "Jibirila."

Mai shagon ya ce, "Jibirila uku gare mu. Jibirila wa?"

Sunan uba yake nema, wato sunan mijinta. Ina kallon sandar rezo tana sauka daga biyu zuwa ɗaya. Ban iya kallonta ba. Na ji ta ja numfashi.

Ta ce, "Jibirila Amadu."

"Dogo, mai tabo a goshi? Na san shi. Wa zan ce?"

Ta ce, "Ka ce mishi ana nan." Ta miƙo mini wayar, na karanta mishi sabuwar lambar ya rubuta. Kafin in kashe har ta sauka daga tudun ta kama hanyar gida, ba ta waiwayo ba.

To kai mai kallon takalmi, hoton kati da danne-danne za ka iya su kafin Azahar, ni da kaina zan nuna maka. Doka kuma za ta sake canzawa, ta canza sau nawa a gabana, kowane lokaci kuma mu ne ake turawa mu shiga gidajen mutane mu aiwatar. Ni dai tun daga ranar ban sake tambayar tsohuwa wa ke kiranta ba, mai caji nake tambaya, ko maƙwabciya. Kuma ban sake sa katina wa kowa ba. Gara in ɓata yini in raka mace buro da shaidunta, Goggo ma daga baya haka na yi mata.

Mako biyu bayan ranar tudun nan na koma ƙauyen. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tankaɗe, jakar tsumman a wuyanta. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi hanya, har na fid da rai za ta ce wani abu. Sai da na miƙe zan tafi ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wancan ya kira."

Na koma na zauna. Na ce, "Lafiya yake?"

"Lafiya lau. Wai har ya tara abokan aikinshi sun yi mini addu'a, ya dafa shinkafa ya yi sadaka." Ta kaɗa rariyar sau biyu ta zubar da tsakin gefe. "Matar Isufu ta tafi rijiya lokacin. Ni na riƙe wayar."